Inuwar da Korau Ya Tafi Nema

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa kamar tabarma, ya danne ta da duwatsu don kada ta naɗe, ya ba tsuntsu reshe, ya ba matafiyi ƙafa, ya kuma ba wasu mutane harshen da ba ya gajiya da ɓata sunan na gari. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Nomau, gwanin ɗiban zuma na Tungar Ɓaure, wanda mutanen garinsu suka zalunta zaluncin shekara goma sha biyu. Ku saurara. Wanda ya ce ƙarya nake, ga sanda, ga hanya, ya je ya gano.

A tsakiyar kasuwarmu akwai wani rimi da ya girmi kakan kowa. A inuwarsa mahauta ke rataye nama, a nan dukawa ke ɗinki, a nan kuma matata Hakama ke ajiye ƙwaryar furarta, wadda citta da kanumfari ke yi wa shela tun daga bakin rafi. Wata shekara ƙudan zuma suka tare a kogon rimin. Kowane mai ɗiban zuma ya san sai rana ta faɗi, kasuwa ta watse, ake hawa. To amma ina amfanin gwaninta in babu mai kallo? Sai na zaɓi ranar kasuwa, da hantsi, na sa rigata mai shuni, na hau da damin ciyawa mai hayaƙi. Bazara ce, ’ya’yan rimi sun fashe, audugarsu ta cika rassa. Iska ta taso.

Ni ban ƙona rimin ba. Iska ce ta ƙona shi, ni dai na kawo wutar. Amma je ka faɗa wa mutanen Tunga haka.

Kwana biyu yana ci. Rana ta uku Mai Gari ya kira ni gaban jama’a, kowa yana tsaye cikin rana yana harara ta.

Ya ce, “Korau, ka raba gari da inuwarsa. Fita. Kada ka sake taka Tungar Ɓaure sai da inuwa a hannunka.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai inuwa ba a riƙe ta a hannu.”

Ya ce, “To ka ɗauko ta a ka.”

Hakama ce kaɗai ta raka ni bakin rafi. Ta cusa min dawo a burgami, jakata ta fata, ta ce, “Sarkin hayaƙi, ga guzuri. Kada ka cinye kafin ka haye.”

Na ce, “Za ki yi kewata?”

Ta ce, “Zan yi kewar inuwa.”

Haka ta faɗa, amma ta riƙe hannun rigata ba ta saki ba, har sai da na rantse mata ba zan ƙara ƙyasta wuta don zuma ba. Da na haye rafin na shinshina rigar, sai ƙamshin citta. Wata uku ban wanke wannan hannun rigar ba.

Da na ga dama, da na tono ɗan itacen maina a ƙauyen gaba na dawo. Amma ni Korau ne. Na ƙudurta sai na kawo itacen da in mutanen Tunga suka ɗaga kai su kalle shi, hulunansu za su faɗi. Na bi wani ayari, madugunsa ya ce min bayan teku biyu akwai tsaunin da itatuwansa ke taɓa gajimare. Na ce can na nufa.

A hanya na faɗa wata ƙasa da babu itace ko ɗaya, mutanenta suna zama a inuwar juna bi da bi. Da suka ga tsawona da faɗin kafaɗata, waɗanda dama mata sun sha yabawa, sai suka kama ni suka mai da ni inuwar sarkinsu. Wata huɗu ina tsaye a kansa, ina juyawa yadda rana ta juya. Ran nan da tsakar rana, lokacin da inuwa ke shigewa ƙarƙashin ƙafa, na ce, “Ranka ya daɗe, dubi yadda ta ƙanƙance. Inuwar ƙasarmu ƙishirwa take ji, in ba a kai ta ruwa ba mutuwa take.” Ya ce maza a kai ta. Ina jin har yau suna jiran ta gama sha.

A shekara ta uku na isa gindin Tsaunin Zarmak. Kwana tara ina hawa, sanyi yana ƙaruwa, har numfashina ya riƙa fita kamar hayaƙi. Rana ta goma na ga wani jan bango ya tare hanya. Na ajiye burgami na bi shi ina neman ƙofa. Taki arba’in na yi, sai ga ni a gaban burgamina. Na ɗaga kai. Hulata ta faɗi, kuma ban ga inda abin ya ƙare ba.

Itace ne. Ɓawonsa ja kamar ƙasar yaɓe, mai laushi, in ka danna sai ya lotsa kamar soso. Reshensa na fari ya fara ne a inda riminmu ya ƙare. Bayansa ga wani, ga wani, sun fi ɗari, kowanne a tsaye shiru kamar ana jiran liman. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ba tsoro ba ne, Korau ba ya tsoro. Tunawa na yi da a ce nan Hakama ke ajiye ƙwaryarta, da furarta ba ta taɓa tsami ba.

A haka wata tsohuwa ta same ni, ɗauke da kwandon ganye. Sunanta Sumbula, ita ce uwar wannan kurmi. Ta kai ni ƙauyensu na gidajen dutse, can ƙasa da wani marmaro, na zauna wurinta har na iya yarensu. Na mai da ita kakata, ta mai da ni jikan da ba ya jin magana.

Mutanen Zarmak suna kiran itatuwan nan Dattawa, kuma ban taɓa ganin masu girmama dattawa kamarsu ba. Duk abin da ya faɗo daga jikin Dattijo, ganye ko tsinke, ba a taɓa shi. Har ƙarawa suke, su kwaso ganye su jibga a gindi, wai bargo, don kada sanyi ya kama ƙafafun Dattawa. Bargon nan ya kai gwiwa. A gindin manyan kuwa akwai baƙaƙen koguna, wani zai ɗauki mutum goma a zaune, tabon wutar zamanin da. Saboda tabon nan kakanninsu suka hana wuta haye marmaro, shekara ɗari uku ke nan. In tsawa ta faɗo ta kunna wani wuri, akwai wani ƙato mai suna Bargaz da mutanensa, su ruga da jiƙaƙƙun fatu su kashe, nan take su lulluɓe baƙar ƙasar da ganye don kada Dattawa su gani ransu ya ɓaci.

Na ce wa Sumbula, “Kaka, iri nake so. Ƙwaya ɗaya ta ishe ni in koma gida.”

Ta nuna min sama. Can ƙololuwa ’ya’yan suke, koraye, kamar ƙwan kaza. Ta ce sai su shekara ashirin a rataye, ba su buɗe ba, ba su faɗo ba. Sannan ta ce, “Kai mai idon kwaɗayi, duba kurmin nan da kyau. Ka ga yaro?”

Na duba. Babu ƙarami ko ɗaya. Duk tsofaffi.

Ta ce, “Tun kafin kakar kakata Dattawa suka daina haihuwa. Mun yi roƙo, mun ƙara bargo. Shekarun baya ɗaya ya faɗi, har a ƙauye muka ji ƙasa ta girgiza. Babu mai maye gurbinsa. Ka zo neman ɗa a gidan da ba a suna.”

Wannan magana ta kashe min jiki. Wata takwas na yi ina yawo cikin Dattawa kamar marayan ɗan akuya. In na ga wuri mai kyau sai in ce a raina, nan mahauta, nan dukawa, nan Hakama. Na gina kasuwar Tunga a kurmin nan ya fi sau ɗari.

Wata safiya na ji ƙugi a ɗaya daga cikin baƙaƙen kogunan. Ƙudan zuma! Ƙamshin ya bugi hancina, sai na tuna yadda Hakama ke ɗiga min zuma a fura, ta ce wai kuskure ne hannunta ya zame. Na tuna rantsuwata. Na kuma tuna Hakama tana bayan teku biyu. Na ciro ƙyastu.

Hayaƙina ya yi kyau, ban taɓa haɗa wanda ya fi shi ba. Tartsatsi ɗaya ne ya yi rashin kunya ya faɗa cikin bargo. Sai dai wanda ya taɓa ƙona rimi ya san halin wuta. Ban tsaya dukanta ba. Na sha gabanta da reshe, na share layi har ƙasa ta fito fili, na kewaye ta. Ta ci abin da ta ci, wuri kamar filin sussuka, ta iso layina ta kwanta. Ta lashi jikin Dattijon da kyau, amma ɓawon nan ko a jikinsa. Zafin dai ya miƙe sama cikin rassa.

Ina lasar yatsa Bargaz ya damƙe wuyana. Suka ja ni bakin wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa, ƙauyen duka a bayanmu.

Bargaz ya ce, “Baƙon banza. Ka ci tuwonmu, ka ƙona kakanmu. Yi sallama da duniya.”

Mai son yabo ba ya ɓoyuwa ga ɗan’uwansa. Na dubi yadda ya gyara tsayuwa don jama’a su gan shi, na ce, “Jefa ni, babban yaya, na cancanta. Kai nake tausayi.”

“Ni?”

“Kai. Ubanka wutar tsawa ya kashe, kakanka ma wutar tsawa. Wa ya taɓa kama tsawa da hannu? Kai kaɗai ne cikin shekara ɗari uku ka kama mai kunna wuta da ransa. Yanzu za ka jefa shaidarka a rami, ku lulluɓe wurin da ganye. Baɗi war haka wa zai yarda?”

Hannunsa ya ɗan sassauta. Sumbula kuwa, Allah ya saka mata, ta ce akwai wata tsohuwar doka da ba a taɓa samun wanda za a yi wa ita ba, ana ce mata zaman kunya. Wanda ya kunna wuta zai zauna a kan ƙunarsa kullum, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har ƙanƙara ta sauka ta narke. Kuma ba a rufe wurin, a bar shi baƙi kowa ya gani. Bargaz ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Haka na zauna cikin toka, ni Korau, mai rigar shuni. Duk wanda ya wuce sai ya ce, “Kunya,” ni kuma in ce, “Lafiya lau.” Rana ta takwas na ji wani abu yana zubo min a ka, siriri, kamar ana sheƙe riɗi daga sama. Kwana da kwanaki yana zuba. Na ɗauka Dattijon ne ke min tofin raini. Daga baya ƙanƙara ta sauko, fara kamar garin gero, ta rufe komai har ƙugu. Na koma cikin kogon na duƙunƙune da fata. A watannin nan na ƙirga duk wata kalma da Hakama ta taɓa faɗa min, har zagin. Zagin ma ya fi ɗumi.

Da ƙanƙara ta narke, ƙunata ta fito baƙa, jiƙe. Wata safiya na ga ta yi kore-kore. Na durƙusa. Wasu ’yan tsirrai ne, ba su kai tsawon yatsa ba, kowanne da ganye huɗu sirara kamar allura, sun fi dubu. Bayan layina kuwa, inda bargo yake, babu ko ɗaya.

Na ruga na jawo Sumbula. Ta daɗe a durƙushe. Ta dubi tsirran, ta dubi sama inda ’ya’yan itacen suka bushe suka buɗe baki, ta dubi baƙin kogon, ta shafa tokar da tafin hannu.

Ta ce, “Zafi ne ke buɗe su. Toka ce shimfiɗarsu.” Ta dube ni. “Shekara ɗari uku muna korar ungozoma.”

Na ce, “Kaka, ni dama na sani. Da gangan na yi.”

Ta ce, “Rufe min baki, ɓarawon zuma.” Ta rungume ni tana kuka.

To kun ji alheri. Ga sakayyarsa: suka naɗa ni Sarkin Wuta, suka hana ni tafiya. Shekara biyar ina koya musu janye bargo daga gindin Dattawa, da share layi, da jiran ruwan fari ya ɗan jiƙa ƙasa, da kunna wuta ta fuskanci iska don ta yi tafiyar tsohuwa. Kurmi ya cika da yara. Ana kawo min nama da zuma, ana min kirari. Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma kirari da yaren da matarka ba ta ji, rabin kirari ne. Daga ƙarshe na kira Bargaz gefe na ce, “Babban yaya, gaskiya hannunka ya fi nawa a wuta.” Duk ƙaryar da na yi a duniya wannan ce kaɗai ta yi min ciwo. Kafin mako ya zagayo shi da kansa ya roƙi jama’a su bar baƙo ya koma gida.

Sumbula ta dasa min tsirrai bakwai a jakunkunan fata. Ta ce, “Jikana, ɗan Dattijo ƙanƙara yake sha. Akwai ta a garinku?”

Na ce, “Akwai randar Hakama, ta fi ƙanƙara sanyi.”

Ta girgiza kai, ta ce, “Tafi. Ka gaishe min da mai randar.”

Na fari ya mutu tun ban gama sauka daga tsaunin ba. Teku ta ci uku. Biyu suka bi su a ƙasar marasa itace, inda na bi ta bayan gari saboda dalilin da kuka sani. Na bakwai kuwa na raine shi kamar jinjiri. In rana tana gabas in riƙe shi ta yamma, in ta koma yamma in mai da shi gabas, ruwana nasa ne kafin nawa. Ina ba shi labarin Tunga, ina ce masa ya yi haƙuri, saura kaɗan. Saura kwana uku mu isa, na taɓa shi, ganyen ya zube a hannuna.

Na isa bakin rafinmu da busasshen tsinke. Na zauna a inda Hakama ta riƙe min riga, ina tunanin in juya. Na ce bari dai in hango rufin kasuwa sau ɗaya. Na hau tudu. Sai na ga wani koren abu a tsakiyar kasuwa, a daidai inda rimi yake da.

Na shiga gari ban san na shiga ba. Rimi ne, matashi, bai kai rabin tsohon ba, amma ga mahauta, ga dukawa. Ga kuma wata mace mai furfura a gefen kallabi tana dama fura. Ta ɗago kai, ludayin ya tsaya.

Ta ce, “Sarkin hayaƙi. Ka cinye dawon?”

Na ce, “Tun kafin in haye.”

“Ina inuwar?”

Na miƙa mata tsinken. Ta karɓa ta juya shi, ta shinshina. Sannan ta ce, “Matso daga rana, kanka ya yi sanƙo.”

Na ce, “Mai Gari fa?”

Ta ce, “Daminar shekarar da ka tafi, wannan ya tsiro a cikin tokarka. Na kewaye shi da ƙaya, ina ba shi ruwan wankin ƙwarya. Da ya shekara shida na je na ce wa Mai Gari, tokar Korau, ruwan matar Korau, inuwar wa ke nan? Ya ce a kira ka. Duk ayarin da ya wuce sai na ba shi saƙo. Wa ya san za ka haye teku, kai da ko rafi sai an raka ka?”

Na lissafa. Lokacin da ake nemana ina can bisa tsauni ana min kirari. Na buɗe baki in kare kaina, abin da ban taɓa kasawa ba, sai na ga hannunta ya riƙe hannun rigata. Ta zuba min fura. Hannunta ya zame a kan zuma.

Yanzu ga zaluncin da ya rage. Ba wanda ya yarda da ni. Nakan tsaya a kasuwa in yi taki arba’in ina kewaya, in ce kaurin guda ke nan, mahauta su ce, “Korau, ƙara goma mana, yau kasuwa ce.” Ni da na yi wa Dattawan Zarmak ungozoma! In la’asar ta yi kuma, inuwar rimi ta miƙe, sai in ji ina neman wani sanyi da babu shi a nan. Yaran nan na ƙunata ta fari a Zarmak yanzu sun wuce kaina. Ba zan ga girmansu ba, jikan jikan Bargaz ma ba zai gani ba. Sumbula kuwa ban san ko tana nan ba, kuma babu ayarin da zan ba saƙo.

Tsinken yana nan, Hakama ta soke shi a jikin faifan furarta. Jiya da kasuwa ta watse ta same ni ina kallon arewa.

Ta ce, “Sake faɗa min. Taki nawa?”

Na ce, “Arba’in.”

“Bara ma arba’in ka ce.”

“Arba’in ne.”

Ta ce, “Shi ya sa na yarda. Duk ƙaryarka girma take yi kullum, wannan kaɗai ta tsaya wuri ɗaya.” Ta matso kusa da ni, ta dubi inda nake duba. “To ci gaba. Ka ce a ina zan ajiye ƙwaryata?”

Na nuna mata.